Allon Mararraba

Mai Allo yana da wata 'yar ɗabi'a. Duk inda ya ga fenti sai ya taɓa shi da bayan ƙaramin yatsansa. Ƙofar asibiti ce, ko jikin mota, ko bangon da aka shafe tun ba a haife shi ba, sai ya taɓa, ya dubi yatsan, sannan ya wuce. Shi kansa bai san yana yi ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana rubuta alluna a kamfanin jirgin ƙasa: sunayen tashoshi, lambobin taragai, da allunan gargaɗi na bakin titi. Sauran abokan aikinsa tsani suke kafawa, su shafe allo a inda yake tsaye, su gama kafin rana ta yi zafi. Shi ba ya yin haka. Kwance allon yake yi, ya kai shi shago, ya shimfiɗa a kan tebur, don a cewarsa fentin da aka shafa a tsaye hawaye yake yi. Sau uku yake shafawa, kuma tsakanin kowace shafa sai an kwana. Abokan aiki suna masa tsiya, wai allonsa ya fi mai jego hutu. Amma nasu shekara biyu ne ya kwaile, nasa kuwa har yau akwai waɗanda ke tsaye.

Akwai wata mararraba a bayan gari inda titin mota ya ratsa layin dogo a kan kwana. Babu mai gadi, babu ƙarfen tare hanya, allo ɗaya ne kawai mai jan baki da ke cewa a tsaya a duba jirgi. Ranar wata Litinin Mai Allo ya kwance shi ya tafi da shi shago.

Ranar Talata da safe ana yayyafi, autansa ya biyo titin da motar siminti. Watansa biyu ke nan da samun tuƙi, kuma bai taɓa bin wannan hanya ba. A kan mararrabar jirgi ya kwashe motar, yaron ya rasu nan take.

Masu bincike sun zo sun auna, suka rubuta cewa gangancin direba ne. Babu wanda ya tambayi allo. Bayan kwana tara Mai Allo ya koma shago, ya yi shafa ta uku, ya mayar da allon ya ɗaure. Waɗanda suka gani sun ce bai taɓa yin mai kyau kamarsa ba.

Matarsa ba ta ce masa komai ba. Abincinsa bai taɓa makara ba, kayansa ba su kwana da datti ba. Abu ɗaya ne ya sauya. Da can Baban Auta take kiransa, daga ranar ta koma cewa Malam, kamar yadda mai kawo takardar wuta yake kiransa.

Da ya yi ritaya sai ya kwashe kayan ɗakin Auta, ya shigar da tsohuwar ƙofa ya ɗora a kan durom biyu. A kai ya fara gina ɗan ƙaramin kwaikwayon layin da ya yi wa aiki. Ya sayi ƙaramin jirgi mai batir a shagon kayan wasa, sauran duk hannunsa ne. Gine-gine na kwali, turakun waya na tsinken ashana, tsakuwa kuwa yashi ne da ya tankaɗe da rariyar shayi. Amma alluna su ne aikin. Daga gwangwanin madara yake yanka su, kowanne bai fi farce ba. Buroshinsa gashi huɗu ne da ya ciro daga tsohon buroshin aiki ya ɗaure da zare. Idan ya gama harafi sai ya jiƙa ƙusa ta yi tsatsa, ya ɗiga ruwan a gindin allon, don ya yi kama da wanda ya sha damina goma. Akwai tashar da harbin gwafar yara ya lotsa allonta a kusurwa, shi ma nasa sai da ya lotsa shi da bakin allura.

Maƙwabcinsa mai walda yakan leƙo ta taga.

"Ranka ya daɗe shugaban tasha, yau jirgi zai tashi, ko har yanzu ma'aikata na yajin aiki?"

"Zai tashi. Kai ne dai ba ka da tikiti."

"Tikitin me, jirgin da ba ya kai ko'ina? Shekara nawa ina kallo, kullum a wurin kwanar nan kake kashe shi."

Mai Allo ya ci gaba da wanke buroshi. "Aiki bai ƙare a wurin ba."

Gaskiya ya faɗa. Titin motar yana nan da kwaltarsa ta takardar goge katako, kwanar tana nan, har ramin turken ya huda. Allon ne babu. Ya yi shi ya fi sau arba'in, duk suna cikin wani gwangwani a ƙarƙashin tebur. Mai walda ya taɓa zazzage su a tafin hannu yana neman aibinsu, bai samu ba. Ya mayar ya rufe, bai sake maganar ba.

Matar kuwa ba ta taɓa tsallaka dokin ƙofar ɗakin ba. A bakin ƙofa take ajiye shayi ta ce, "Malam, ga shi." Shi kuma kullum a buɗe yake barin ƙofar, ya jawo kujerarsa gefe yadda mai wucewa zai hangi kwanar. Shekara goma sha ɗaya yana jira ta shigo ta faɗi abin da ke bakinta, kowane iri ne.

Sai ido ya fara yana, hannu ya fara rawa. Harafin da yake gamawa a numfashi ɗaya ya koma cin rabin yini. Wata safiya ya yanka sabon allo, ya ɗauki farin fenti, buroshin ya ƙi tsayawa. Ya gwada sau uku, fentin yana ɗiga a kan layin dogo. Sai ya ji an kama wuyan hannunsa. Bai ɗago ba. Ya san hannun, na matarsa ne.

A haka suka shafe allon, ita tana riƙe, shi yana ja. Da suka gama ta dubi ramin turken da ke bakin kwanar.

"Kafa shi."

"Bai bushe ba. Ko rubutu babu. Saura shafa biyu."

"Na sani. Kafa shi haka."

"Zai yi hawaye."

"Ya yi mana." Muryarta ba ta tashi ba. "Baban Auta, da mai hawaye ne a wurin ran nan, ai da ya gani."

Ya daɗe yana kallon allon. Hannunsa ya miƙa wajensa, har ta zaci ɗauka zai yi. Bayan yatsansa ya kai ya taɓa gefen, ya duba, fari ya fito.

"Gobe," in ji shi.

Ta saki hannun. Ta ɗauki kofin shayin da ya huce ta fita.

Washegari bai iya tashi ba. Aka kai shi asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, baki ya karkace. Kwana shida ya yi, ya rasu. Mai walda ya ce ko a gadon, yana ganin hannun hagun yana lalubar ƙarfen gado da bayan yatsa.

Ɗakin yana nan yadda ya bar shi. Matar tana shiga yanzu, ta share ƙasa, ta kaɗe ƙura daga rufin tashoshi da gashin kaza. Mai walda ya ce ta bari ya kafa allon da ɗigon gam, aikin minti ɗaya ne. Ta ce a'a, ba aikinsa ba ne.

Jirgin yana tsaye taku ɗaya kafin kwanar. Allon yana kwance a kan tebur kusa da buroshi, fari fat, babu ko harafi ɗaya. Ya daɗe da bushewa.