Ƙanƙarar Zoɓo

Abu biyu Mama ta yarda da su a duniya, addu'a da ruwan zafi. Ciwon kai ne, ciwon baya ne, targaɗe ne, in dai ka kai mata kuka sai ta ɗora tukunya. Sanyi kuwa a wurinta shi ne uban cututtuka. Duk wanda ta gani yana ɗingishi a Samaru, kafin ya buɗe baki ta riga ta yanke masa hukunci, sanyi ne ya shige shi ya kwanta masa a ƙashi. Abin dariyar shi ne da ƙanƙara muke ci a gidanmu. Zoɓo da kunun aya take yi tana sayar wa ɗaliban jami'a a bakin titi, kuma tun da wutar unguwarmu ba abin dogaro ba ce, kullum sai an kawo mata ƙanƙara daga Sabon Gari. Amma ba ta taɓa ta da hannu. Sai ta naɗe ta da buhu tukuna, ta fasa da taɓarya, ta zuba a kula tana yamutsa fuska.

Ni kuma 'yar tsere ce, ko in ce a da. Gudun fanfalaki nake yi, mai kilomita arba'in da biyun nan, kuma ban iya komai ba a duniya kamar yadda na iya shi.

Kafin a kira asuba na tashi. In ɗaura takalmi a duhu don kada in tashe ta, in zare sakata a hankali, in kama titi. Daga Samaru in gangara ta Hanwa, in haye gadar Kwangila, in shiga Sabon Gari masu shago ba su buɗe ba, sai masu shayi suna hura wuta. Shekara da shekaru ina bin hanyar nan amma mutane ba su daina tambayata ko lafiya ba. A garinmu ba a gudu haka kawai, in ka ga mutum a guje to wani abu ne ya biyo shi. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai da kullum sai ta leƙa bayana ta ga ko akwai wanda ya koro ni, sannan ta ci gaba da suyarta. 'Yan keke napep kuwa ba sa rabo da tsiya: “Hajiya, shigo mana kyauta ne, kada ki mutu a hanya!” Ni ba Hajiya ba ce, 'yar coci ce, amma ba ni da numfashin gyara musu.

Mai horar da ni wani tsohon soja ne da ya yi ritaya ya zauna a Basawa. Mutumin kudu ne, Hausar bariki yake yi, bai san ka da ki ba, duk “kai” yake ce mini. Koci muke ce masa. Yana da wani tsohon babur mai tari, ran Asabar da muke gudu mai nisa sai ya ɗaura jarkar ruwa a baya yana bina yana zagi. Ran Laraba gudun sauri ne a fili, a zaga a huta a sake zagawa har sai na ji ɗanɗanon ƙarfe a bakina. Lahadi kaɗai nake hutu, shi ma a coci gyangyaɗi nake yi tun daga waƙar farko.

Mama ba ta taɓa zuwa kallon tserena ba. Kofunan da na ciyo suna kan kabad, ɗaya ma ta mai da shi mazubin allura da zare. In maƙwabta sun tambaye ta aikina sai ta ce, “Tana nan tana guje-gujenta.” Ƙannena biyu sun yi aure sun bar ni a ɗaki, shekara talatin kuma tana leƙo ni. Dama ɗaya ta rage mini, kuma na san ita ce ta ƙarshe. Akwai babban tsere da ake yi a kudu, bakin teku, matan gida da suka shigo a sahun gaba ƙungiyoyin wasanni kan ɗauke su aiki, a ba su masauki da abinci da likita, gudu ya zama sana'a ba guje-guje ba.

Ana cikin shirin tseren nan ciwon ya fara. A saman ƙafata ta dama, wani ɗan wuri da bai fi babban yatsa ya rufe ba. In na fara gudu ya yi tsami, in jiki ya yi ɗumi ya lafa, in na dawo gida ya tashi da ƙarfinsa. Na nuna wa Koci, ya danna, na yi tsalle.

“Kai yarinya,” ya ce, “in ka koma gida ka sa kankara. Kankara, ka ji? Ba ruwan zafi ba o. Na san ku.”

Na koma gida na buɗe kular Mama, na ɗauki ɗan guntu na naɗe a tsumma, na zauna a bakin ƙofa na ɗora. Ban ko ji sanyinta sosai ba sai ga Mama ta fito da bokiti.

“Ke! Me zan gani haka?”

“Koci ne ya ce in sa, Mama.”

“Kocin ne ya haife ki? Mace ke, ko haihuwar fari ba ki yi ba, ki zauna kina ɗura wa ƙashinki sanyi da hannunki? Yesu ya tsare. Ba ni nan.”

Ta fizge ta wurga a kwata. Ta shiga kicin ta ɗora tukunya. Da ruwan ya tafasa ta zo da tsohon tawul, ta zauna a kujera 'yar tsuguno, ta ɗora ƙafata a cinyarta ta shiga gasawa. Tana tsoma tawul tana matsewa tana dannawa, tana mita a kan jahilcin sojoji.

Gaskiya ta fi, na ji daɗi. Zafin ya ratsa ni, tsamin ya kwanta, har barci ya fara ɗaukata. Kuma rabon da Mama ta riƙe ni haka tun ina firamare. Washegari na dawo daga gudu na tarar ruwa na kan wuta, ta auna lokacin dawowata. Haka muka ci gaba kullum. Matar da ba ta taɓa tambayata ta nawa na zo ba, ga ta tana jirana da tawul a kafaɗa, har tana cewa, “Yau ina kika kai?” In ce Sabon Gari, ta ce, “Da ƙafa? Allah ya shirye ki.” A zuciyata na ce ashe ta nan za ta shigo cikin guduna. Koci in ya tambaya ya ƙafa, sai in ce da sauƙi, don kuwa da sauƙin nake ji.

Ranar tsere na tashi lafiya. Zafin garin nasu mai danshi ne, gumi ba ya bushewa, amma ƙafafuna sun amsa. Na wuce rabi ina cikin matan gaba. Can wajen da kowa ke fara ganin duhu-duhu, sai na ji kamar na taka ƙusa, daidai wurin nan. Kowane taku sai ta ƙara shiga. Ban tsaya ba. Na cije leɓe ina kiran sunan Yesu, ina kiran Mama, ina zagin titi, har na tsallake layin ƙarshe na faɗi. Da na buɗe ido wani mutum mai hular hana sallah daga wata ƙungiyar wasanni yana tsaye a kaina da Koci. Ya ce sun gani, in je in warke, in zo sansaninsu in damina ta faɗi. Koci ya ɗaga ni sama yana ihu da yarensu. A rayuwata ban taɓa farin ciki irin na ranar ba, kuma ban sake ba.

Koci ya wuce ƙauyensu ganin gida, ni na hau mota zuwa Zariya. Kafin mu iso ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga takalmi, a hannu na riƙo shi. Ya kira ni a waya ya jaddada: ƙanƙara, a ɗaga ƙafa sama, kada in taka, in je asibiti a ɗauki hoto. Na faɗa wa Mama kalma kalma.

“Hoton me? Targaɗe ne, sanyin teku ya shige shi. Ke dai kawo ƙafar.”

Wannan karon ruwan ya fi na kullum zafi, hannun ma ya fi nauyi. Ta kira Gwaggo, ƙanwar marigayi babana, ta riƙe mini kafaɗu. Suna dannawa ina kuka, suna cewa ai ciwon ne ke fita. Na ce a kai ni asibiti, Mama ta ce gobe. Gobe ta yi, kumburi ya ƙaru, Gwaggo ta ce targaɗe in ya kwana sai an ja shi, ta san wani maɗori a Hanwa da hannunsa ke da albarka. Ba ni da ƙafar gudu, ba ni da bakin da ya fi nasu. Aka ɗauko shi har gida. Dattijo ne mai fara'a, ya shafa mai, ya ce in kalli bango. Ya murɗa ya ja. Na ji ƙarar a cikin kunnena, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Ihun da na yi har ɗaliban gidan haya na kusa da mu suka fito. Ya ce alhamdulillahi ta koma, Mama ta ce mun gode Allah.

Sai da Koci ya dawo ya ga ƙafar ta yi baƙi, ya ɗora ni a babur ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Mama ta biyo mu a keke. Likitan ya ɗaga hoton a haske ya daɗe yana kallo. Ya ce akwai wani ɗan ƙashi a saman ƙafa da jini ba ya isa sosai, shi ne ya daɗe da tsagewa, ina ta gudu a kansa. Ya ce da a tsage aka kawo shi, da filasta da hutu sun isa. Yanzu ya rabu biyu, ya goce.

“Wa ya ja ƙafar nan?” ya tambaya, da Hausa.

Mama tana tsaye jikin ƙofa tana kallon silifas ɗinta.

“Likita, zan yi gudu?” na ce.

Ya ce zan yi tafiya. Na sake tambaya, ya sake cewa zan yi tafiya.

Damina ta faɗi ina kan sanduna. Mutanen sansani suka kira, na ce ina zuwa, suka sake kira, daga nan suka daina. Aka yi mini aiki, daga baya aka cire filasta, ƙafa ta warke a karkace. Ina tafiya kamar yadda likita ya yi alkawari. In na yi saurin tsallaka titi a gaban keke, ranar ba ni da sukuni. Abin da ya fi ci mini rai jikina bai samu labari ba, har yau kafin asuba yake tashina. In kwanta ido biyu ina jin takun sauran yaran da Koci ke horarwa suna wucewa ta bayan gidanmu, ina gane kowa da saukar ƙafarsa. Na yi addu'a har na gaji, daga baya na daina roƙon komai. Kofunan na kwashe su na tura ƙarƙashin gado, har da na allura da zaren.

Na koma zaman teburin zoɓo. Tsohuwa mai ƙosai ta aiko a tambaya ko lafiya ta daina ganina, na ce a ce mata abin da ke bina ya kama ni.

Tsakanina da Mama sai gaisuwa. Ban zage ta ba, ban ɗaga mata murya ba, na dai rufe bakina, kuma na san ya fi zagi ciwo. Ita ma ba ta ce in yi haƙuri ba, iyayenmu ba su iya wannan ba. Tukunyar ce kawai ta daina hawa wuta da safe. Tawul ɗin ma ban sake ganinsa a igiya ba.

Wata safiya, an daɗe da cire filasta, kumburi ya tafi tun tuni, ina zaune a bakin ƙofa na miƙe ƙafa ina kallon kwata. Mai kawo ƙanƙara ya sauke ya tafi. Na ji Mama tana fasawa da taɓarya kamar kullum. Sai ga ta ta fito ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna a gabana. Guntun ƙanƙara ne a hannunta, ba buhu, ba tsumma, hannunta tsirara. Ta ɗauki ƙafata ta ɗora a cinyarta, ta lalubi wurin da tabon ɗinki yake, ta ɗora.

“Nan ne?” ta ce, ba ta ɗago ba.

“Nan ne, Mama.”

“Haka Kocin ya ce a yi?”

Ba sauran abin da ƙanƙara za ta yi wa ƙafar nan. Na buɗe baki in faɗa mata, sai na ga yatsunta sun fara rawa don sanyi, ta canja hannu, ta sake dannawa a hankali kamar mai tsoron kada ta fasa wani abu.

“Haka ya ce,” na ce.

Ɗalibai biyu suka tsaya a tebur suna kiran mai zoɓo, ba ta waiwaya ba. Ruwan yana bin ƙafata yana jiƙa mata zane. Ta riƙe har ƙanƙarar ta narke ƙaf a hannunta, sannan ta tashi ta je ta ɗauko wata.