Yoyon da Baba Ya Ƙi Toshewa

Babanmu mai gyaran bututun ruwa ne, kuma duk unguwa an san shi da ƙin jinin yoyo. Ko famfon maƙwabta ya ji yana ɗiga, sai ya ajiye cokali ya ɗauki sifana. Amma fa mutumin nan yana da wani yoyo da ya ƙi toshewa shekara da shekaru, daga shi sai mu muka sani.

Garinmu a gindin duwatsu yake, ƙasa busasshiya ƙayau, ruwan shanmu ta bututu yake gangarowa daga can sama. Aikin Baba shi ne ya bi bututun nan da ƙafa yana dubawa. A wani kwazazzabo, a mahaɗar bututu biyu, ya tarar ruwa na ɗiga, ƙasa ta jiƙe har ta yi ɗan tafki. Har ya ɗora sifana, sai ga fakara da 'ya'yanta sun zo sha. Ya janye hannunsa.

Shi ke nan fa, ya samu wurin zuwa. Hasbiya ta sauko daga kogo, alhudahuda na caccakar ƙasa, tsattsewa na ɗibar laka za ta yi sheƙa, shaho na shawagi a sama yana neman rabonsa. Har wani zalɓe yakan yada zango in tafiya ta biyo da shi. Baba ya dawo gida yana ba mu labarinsu kamar danginsa, Mama ta ce, "Baban yara, yaushe za ka kai ni in gaida surukai?"

Sai aka yi shekarar da damina ta yi gardama. Famfo ya koma zuwa da ƙyar, mata na layi da jarka a rana. Mama ta daina zolaya. Ta ce, "Tsohuwar gidan can da rabin bokiti ta koma, kai kuma kana shayar da tsuntsaye da ruwanta." Baba ya san gaskiya ta faɗa, washegari ya ɗauki sifana zai je ya toshe yoyon.

Ni na raka shi, saboda gwiwarsa ta fara ciwo. Ya ɗaure mahaɗar tamau, ya goge bututun da gefen rigarsa, kurciyoyi na kan dutse suna kallonmu. Wallahi ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba. Daga nan ya riƙa kauce wa kwazazzabon, wai ba zai iya ganin wurin a bushe ba.

Amma aiki aiki ne, dole wata rana ya bi. Da la'asar sai ga shi ya faɗo gida, laka har gwiwar hannu, yana dariya yana haki.

"Suna nan! Duk suna nan!"

Bututu a bushe, ƙasa kuwa jagab. Da ya tona da hannu, sai ga ɗan idon ruwa yana tsattsafowa daga ƙarƙashin dutse. Ɗigon bututun ƙari ne kawai, tun can tsuntsayen da ruwansu.

Mama ta miƙa masa buta, ta ce, "To ka ji haushi ne?"

"Kaɗan," in ji Baba, yana share ido da bayan hannu. "Duk shekarun nan ina ɗaukar kaina mai masauki, ashe ni ne baƙon."