Ƙwayoyi a Bakin Zane

Ina cikin cin abincin rana a gidana na Tawa, rediyo na bisa taga ana karanta sanarwoyi, sai na ji an ambaci Malam Lawali Mahamman, tsohon shugaban labo, wato ɗakin gwajin jini, mutumin Damagaram, mazaunin Wadata a Yamai. Mai karantawa ya ce ya rasu ranar Laraba bayan gajeriyar jinya, an yi masa sutura a ranar. Daga nan ya wuce zuwa sanarwar wani da shanunsa suka ɓace. Na ajiye cokali na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Matata ta tambaye ni ko ɗan'uwa ne. Na ce mata malamina ne, kuma akwai maganar da na faɗa masa shekara biyar da suka wuce, wadda har yau ban nemi gafararta ba. Washegari na hau mota zuwa Yamai.

Malam Lawali ba likita ba ne, bai kuma taɓa yarda a kira shi da wannan suna ba. Aikinsa duba jini. Zai soki yatsan mai masassara, ya ɗiga jini a kan ɗan gilashin da muke kira lam, ya bar shi ya bushe, ya rina shi, sannan ya sa shi a mikroskop, wanda shi yake kira madubi, ya nemi ƙwarin cutar da sauro ke zubawa cikin jini. Fiye da shekara talatin yana wannan aiki, har rinin ya kama yatsunsa ya ƙi fita. Na haɗu da shi a shekarata ta ƙarshe ta karatun likita, da aka tura ni labonsa in yi binciken da zan rubuta tez, wato kundin kammala karatu, a kansa. Tambayar da aka ba ni guda ce: shin kulorokin, maganin da kowane talaka ya sani, har yanzu yana kashe ƙwarin nan ko sun fara fin ƙarfinsa?

Ranar farko ma sai da na sha dariya a hannunsa. Na jera lam ashirin a kan tebur na tafi shan iska, na dawo na tarar ƙudaje sun lashe jinin tas. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Dokotoro na gobe, ka ciyar da baƙinka, Allah ya ba da lada." Sai ya ɗauko wani tsohon faifai ya nuna mini yadda ake kifa shi a kan lam. Bai yarda mutum ya leƙa madubi sau biyu ya rubuta cewa jini lafiya yake ba. Sai ka bi lam lungu-lungu, ko da wuyanka zai sage. Yakan ce, "Akwai ba ta da wuya, ko makaho ya yi tuntuɓe da ita. Babu ce mai tsada." Ni kuwa Allah ya yi ni da gaggawa, shi ya sa ya laƙaba mini Bamaraɗe, wai mu mutanen Maraɗi ko salla muke yi hankalinmu na tasha kada mota ta tashi.

Shekarar fari ce, irin wanda ba a manta shi. Mutanen karkara sun kwararo Yamai da 'ya'yansu da tukwanensu, duk gidan da ka shiga akwai baƙi. Amma fari bai rage sauron unguwar Gamkalley da komai ba, domin garake na bakin gulbi, ruwa na kwance a kwalbatoci da ramuka. Can aka zaɓa mini in yi aikina. A watannin nan na ga Malam yana zuwa kowace safiya da tulun koko ɗaure a bayan ɗan babur ɗinsa mobilet, kokon da matarsa, Inna Balki, ke damawa. Duk yaron da za a ba magani sai ya fara kurɓa, domin cikin da ya kwana da yunwa ba ya riƙe ƙwaya. Ba wanda ya sa shi, bai kuma taɓa ambatar abin a gaban kowa ba. Yana gaisawa da kowa da harshensa, Zabarmanci kamar a nan aka haife shi, Fulatanci daidai gwargwado, Buzanci kuwa irin wanda ke sa Buzaye dariya.

Tsarin aikina mai sauƙi ne. Wanda muka samu da cutar, mu ƙulle masa ƙwayoyin kwana uku a takarda, mu gaya masa yadda zai sha, ya dawo rana ta bakwai mu sake duba jininsa. In ya dawo nakan tambaye shi, "Ka shanye?" Ya ce, "Na shanye." In rubuta. Da lam ɗin rana ta bakwai suka fara taruwa, sai na ga abin mamaki: mutane da yawa har yanzu ƙwarin na cikin jininsu. Na ce shi ke nan, maganin ya daina aiki, kuma ni ne na fara ganowa. Furofesan da ke kula da ni ya yi murna, ya fara yi mini maganar burs, wato tallafin ƙarin karatu a ƙasar waje. Kafin in gama rubutu labari ya kai minista. Zamanin soja ne, lokacin da ma'aikaci kan iso biro, wato ofis, ya tarar da mai kaki a bakin ƙofa yana duba agogo. Wani komanda da ke riƙe da sashen ya aiko cewa yana son rapor, wato rahoton binciken, a teburinsa kafin ƙarshen mako. Abu ɗaya ya rage, sa hannun shugaban labo.

Malam ya karɓi kayena, littafin da nake rubuta sakamako a ciki, ya yi ta juya shafuka. Can ya ce, "Bamaraɗe, mutanen nan naka ba sa susa." Kowa ya san kulorokin na sa wasu ƙaiƙayi mai tsanani, wanda ke hana barci, in ka watsa ruwa ma ya ƙaru. Mutane kan ce jininsu ne bai son maganin, mu kuma mukan rubuta alerji, ko da yake Malam na cewa ba mu san ainihin abin ba tukuna. Akwai wurin rubuta wannan a kayen, kuma wurin kusan fayau yake. Na ce masa wannan ƙaramin abu ne. Ya ce shi dai a shekarunsa bai taɓa ganin an ba taron mutane haka maganin nan ba tare da an samu masu kuka da ƙaiƙayi ba. Ya rufe kayen ya ce in hau bayansa a mobilet.

Mun sami Bibata, wata mai noman salati da sunanta ke cikin kayen, tana ban ruwa a garkarta. Malam ya san ta tun tuni, ya gaishe ta da Zabarmanci.

"Fofo, ƙanwata. Ya ƙarfin jiki? Ƙaiƙayi ya bar ki kin runtsa kuwa?"

"Alhamdu lillahi, Alfa. Wannan karo ƙaiƙayi babu."

"Ke da bara kika kusa saɓule fatarki da kara? To, ina suke?"

Ta rufe baki da hannu tana dariya, ta waiga ta dube ni, sannan ta kwance bakin zanenta. Ga ƙwayoyin nan a takardar da na ƙulle da hannuna, ko ɗaya ba ta taɓa ba. Ganyen bedi, wato dogon yaro, ta dafa ta sha, zafin jiki ya sauka, ta koma aikinta. Na tambaye ta cikin fushi me ya sa ta ce mini ta shanye. Ta ce, "Lokotoro, kai ka wahala ka ba ni magani kyauta. In ce maka ban sha ba? Ai kunya."

Gida na biyu na wani magidanci ne, Sumaila, wanda ƙanensa ya zo masa da iyali duka daga ƙauye. Shi ya sha na rana ɗaya, sauran ya ɓare ya raba wa 'ya'yan ƙanen. "Ni kaɗai in haɗiye duka," in ji shi, "ga yara kwance cikin gidana?" Mun shiga gida bakwai kafin azahar, labarin bai sake ba sai kaɗan. A hanyar dawowa Malam ya ɗan juyo ya ce da ni, "Kada ka yi wa mutum tambayar da kunya ce za ta amsa maka."

Da muka isa labo ya ce ba zai sa hannu ba. Ina ganin burs na zamewa, ga furofesa, ga komanda, kuma zan tsaya gabansu in ce duk abin da na faɗa ba haka ba ne. Sai na buɗe baki a gaban ma'aikata duka na ce, "Malam, kai fa ba likita ba ne. Aikinka wankin gilashi, ka tsaya inda Allah ya tsayar da kai." Na rubuta ta a nan yadda na faɗe ta, domin waɗanda suka ji suna raye. Malam na tsaye a bakin famfo, ya ce, "Gaskiya ne, dokotoro. Miƙo mini waccan tasar." Ya gama wankinsa, ya jera lam ɗin, ya tafi gida.

Komanda ya riga ya kai labarin sama, saboda haka dole a sami wanda zai ɗauki laifi. Ban san yadda zan ƙare ba, domin a lokacin korar ɗalibi ba ta wuce takarda guda. Malam ne ya rubuta wa minista cewa ba da magani a tafi da shi gida tsohuwar al'adar labonsa ce, kuma shi ne shugaba, shi ya kamata ya gyara. Bai yi ƙarya ba, amma binciken nawa ne, tambayar banzan ma tawa ce. Aka ɗauke shi daga labon aka tura shi wani ɗan disfanse, ƙaramin asibitin karkara, wajen Tondibia, inda ko lantarki babu, sai ya juya madubinsa wajen taga ya duba jini da hasken rana. Can ya zauna har ya yi ritaya. Ni kuwa na sake aikin daga farko, ina bin gida-gida kwana uku a jere, ina tsaye har mutum ya haɗiye. Sai ga shi maganin na aiki, ga masu susa kuma ko'ina. Da rapor ɗin farko ya wuce, da an iya janye maganin da talaka ke samu a shekarar da ba shi da komai. Burs ya tafi hannun wani, na gama da jinkirin shekara guda, aka tura ni Tawa.

Na san ya kamata in je wurinsa, na kuma sha ɗaura niyya. Sau biyu ina isa har bakin layinsu a Wadata, in tsaya wajen masu ɗinki, in juya. Abin da na iya shi ne aika masa buhun albasa duk shekara ta hannun direba, da gaisuwa. Shi kuma yakan aiko cewa ya gode, Allah ya yi albarka, a gaida Bamaraɗe. Na riƙa gaya wa kaina cewa wannan amsa ta nuna ya manta, domin hakan ya fi mini sauƙi.

Na isa gidan ranar sadakar uku. Zaure cike yake da tsofaffin ma'aikata da mutanen Gamkalley da na Tondibia, kowa da labarin alherin da aka yi masa. Bayan an shafa fatiha na nemi iso wurin Inna Balki. Na same ta a kan tabarma cikin kayan takaba, na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta gane ni, ta ce, "Ɗana na Tawa, mai albasa." Na ce, "Inna, akwai nauyin da na zo da shi." Na faɗa mata maganar duka, ban rage ba, na tambaye ta ko ya taɓa ambatar ta.

Ta ja carbinta. Sannan ta ce, "Bai taɓa gaya mini ba. Amma ashe ita ce. Akwai wata rana a shekarar nan da ya dawo bai taɓa abinci ba, ya zauna a zaure shi kaɗai har aka kira magariba. Na tambaye shi, ya ce kansa ke ciwo. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganinsa haka ba. Shekara biyar ke nan ina tambayar kaina abin da na yi masa."

Na ce ta yafe mini. Ta ce nata ta yafe, duniya da lahira. "Nasa kuwa, ɗana, ba a hannuna yake ba. Ka yi masa addu'a."

Ita nake yi, ita kuma nake roƙon duk wanda ya karanta wannan ya taya ni. Allah ya jiƙan Malam Lawali, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya sa jinin bayinsa da ya duba da gaskiya da yunwar yaran da ya kashe su zama masa nauyi a mizani. Allah ya ba Inna Balki da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, ya tsare musu mutuncin gidan da ya bari. Ni kuma, ya Ubangiji, ka sanya masa yafe mini a ranar da za mu tsaya gabanka. Amin.