Hajo Mai Albasa da Shirin Bakin Kasuwa

A ɓangaren 'yan albasa na kasuwar Gouro da ke Adjamé, ko wanda bai san fuskar Hajo ba ya san muryarta, domin muryar kan riga ta isa wuri. 'Yar Madawa ce ta asali, can ƙasar Nijar. Tana ƙarama uwarta ta zo da ita Abidjan, a nan ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'yanta, a nan kuma mijinta ya rasu ya bar ta da rumfa. Buhunhuna take sara daga manyan motocin da ke saukowa daga Nijar, ta rarraba wa mata masu kasawa. Tana jin Hausa da Julanci da Faransancin kasuwa, in rigima ta tashi kuma tana da ɗan yaren Gouro da za ta rama da shi.

Ba ta taɓa kawo wa ranta aikin talabijin ba. 'Yarta Nuriyya, wadda ke aure a unguwar Arras ta Treichville, ita ce ta nuna mata a waya wata ƙaramar tasha da samarin unguwar suka buɗe a intanet, suka sa mata suna Télé Lungu. Hajo ta kalla har ta ƙoshi: ƙwallo, kiɗa, sai samari suna gardama da Faransanci da Nouchi, yaren samarin titi. Ta mayar wa Nuriyya wayarta, ta ce ita dai ba ta ga lungun da ta sani a ciki ba.

Ranar Lahadi ta shiga woro-woro, tasin haɗaka, ta tsallaka gada zuwa Treichville. Tashar ashe ɗaki ne guda a bayan shagon gyaran waya, an manna kwalayen ƙwai a bango don su tare ƙarar titi. Mai shagon kuma jagoran tashar, Shamsuddin, ɗan wasu 'yan kasuwar Kano ne da aka haifa a Treichville, Hausarsa tana tafe tana tuntuɓe. Ya ba ta kujera, ita kuwa ta zazzage masa abin da ya kawo ta. Ta tambaye shi ina matan da ke ciyar da garin nan, ina direbobi, ina tsofaffi, ko su ba 'yan lungu ba ne.

Shamsuddin bai musa ba. Ya ce, "Tanti, mun nemi manya, suka ce wasan yara muke yi. In ke za ki zo, Laraba taki ce."

Ta ce za ta zo. Ta kuwa zo, da sabon leshi da ɗaurin kai da ya kusa taɓa silin. Aka kunna mata fitila a fuska, aka ce ta dubi ƙwayar kyamara ta yi magana. Matar da ke tsawata wa masu dako goma da murya ɗaya sai ga ta tana kame-kame. Ta yi sallama, ta sake yin sallama, ta gode wa Allah, daga nan magana ta ƙare. Ta tashi ta tafi gida ba tare da ta sallami kowa ba.

Abin ya ci mata rai na 'yan kwanaki, amma ba ta ɗauka cewa ba ta iya ba. Ta gane cewa ita ba ta saba magana da bango ba ne, da mutane ta saba. Ta aika wa Shamsuddin cewa ya ɗauko kayansa ya same ta a rumfa. Nan, a kan benci, cikin zanenta na aiki, aka ɗauki shirin farko na Bakin Kasuwa. Baƙuwarta wata 'yar ƙabilar Gouro ce mai sayar da ayaba, suka tattauna kan kwatar da ta toshe take kwararo ruwa cikin rumfuna duk damina. Matar na faɗi da Faransanci, Hajo na juyawa zuwa Hausa, tana ƙara nata gishirin. Mata suka taru a bayansu kowace na son ta ce wani abu, Hajo ta riƙa miƙa musu makirufo ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan shirin ya kama ƙasa. Direbobi na zuwa su faɗi halin da hanya take ciki. Mai suna ko biki ya zo ya gayyaci jama'a. Wata rana unguwarzoma, wata rana malamin makaranta yana roƙon iyaye su riƙa yi wa yara Hausa a gida. Wasu dattawan 'yan kasuwa sun yi gunaguni cewa mace mai jikoki ba ta dace da haska fuska a waya ba. Hajo ba ta yi musu da su ba. Ta gayyaci wanda ya fi su zafi ya zo ya faɗi ra'ayinsa a shirin. Ya zo da niyyar faɗa, ya ɓuge da ba da labarin yadda kasuwar take lokacin ƙuruciyarsa, har sai da batir ya mutu.

Wannan ne ya sa ta fara neman tsofaffi su ba da labarin zuwansu, kuma ta haka ta haɗu da Kalla. Tsohon lebura ne na tashar jiragen ruwa, ya ƙare ƙarfinsa yana ɗaukar buhunan shinkafa da koko, yanzu yana wuni wajen wani mai shayi kusa da manyan ɗakunan ajiya na bakin ruwa. Ba shi da mata, ba shi da ɗa. Ya gaya mata cewa a shekarar babban fari ya baro ƙauyensu na ƙasar Tawa yana saurayi. Da ya sami mai komawa ya ba shi saƙo, sai aka dawo masa da labarin ƙauyen ya watse, ba wanda ya san inda mutanensa suka nufa. Ya yi ta tambaya har ya gaji, ya ɗauka sun mutu. Hajo ta sa ya faɗi sunan uwarsa da na ƙauyen, da na ƙanwarsa Haulatu da ya bari tana koyon daka.

Direbobi suka yi ta tura shirin daga waya zuwa waya har ya kai arewa. Ana nan wata safiya Shamsuddin ya zo rumfa da sauri. Wata tsohuwa ta kira tashar daga Agadas, ta ce ita ce Haulatu, ta kuma faɗi tabon ƙuna da ke gwiwar hannun yayanta, abin da Kalla bai ambata a shirin ba. Shamsuddin har ya shirya komai a ransa: za a kira ta a gaban kyamara, Abidjan gaba ɗaya ta kalla.

Hajo ta ce, "A'a, ɗana. Labarinsa ya ba mu, bai ba mu hawayensa ba. Ka bar kayan nan a shago."

Ya nuna mata cewa irin wannan ne zai ɗaga tashar. Ta ce ta sani, kuma duk da haka a'a. Su biyu suka tafi wajen mai shayi. Ta zauna kusa da tsohon, ta gaishe shi a tsanake, sannan ta ce, "Baba Kalla, Haulatu tana raye. Ga ta, tana jiranka." Ta danna lambar, ta sa masa wayar a hannu, ta ja Shamsuddin suka koma can gefen titi suna kallon manyan motoci na shiga tashar jiragen ruwa. Sun daɗe a tsaye kafin mai shayi ya yafito su.

'Yan kasuwa suka haɗa hannu aka sa Kalla a mota. Ya yi damina guda a Agadas cikin 'ya'yan ƙanwarsa da jikokinta, sannan ya dawo, ya ce ya saba da iskar teku. Da kansa ya nemi a sake ɗaukarsa, ya zauna ya ba da labarin tafiyar yadda yake so a ji shi.

Yanzu Bakin Kasuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Dije mai kifi ce ke riƙe da ɓangaren Treichville, wasu 'yan mata sun fara nasu da Julanci, Nuriyya ma ta koyi haɗa hoto, tana rubuta fassarar Faransanci a ƙasa don yaran da Hausa ta yi musu nauyi. Hajo kan ce ita ba 'yar jarida ba ce, albasa take sayarwa, kuma gaskiyarta ne: in mota ta iso ana tsakiyar ɗauka, sai ta miƙa wa baƙon makirufo ta ce ya ci gaba, ta tafi duba kaya. A makon jiya wani mai baro ne ya karɓa. Ya yi bayani mai kyau a kan ramukan da ke ƙofar kasuwa, har ya fara tambayar abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, da ta dawo kuma sai ta zauna a gefe ta bar shi ya ƙarasa shirin.