Ruwan da Aka Yi a Wani Gari

Ranar wata Lahadi a watan Yuli, shekarar da na gama aji uku na lakwal, wato makarantar boko, muka dawo daga majami'a na ƙi cin abinci. Na zauna bakin kogin Komadugu ina kallon sama, ko ɗigon hadari babu. Kogin kuwa busasshe ne, yara har ƙwallo suke bugawa a cikin rairayinsa.

Shekararmu ta farko ke nan a Diffa. Daga Maradi muka zo, Baba ya samu 'yar gona a bakin kogi ya yafa irin tattasai. Kullum da safe ni da Inna mukan ɗebo ruwa daga wani rami da aka haƙa a tsakiyar kogin mu yayyafa wa irin, ramin kuwa yana ta ƙafewa. Na taɓa jin Baba yana cewa idan irin ya mutu, sai mu tattara mu koma Maradi. Ni kuwa na riga na yi ƙawa, Falmata, 'yar maƙwabtanmu Barebari, wadda muke 'yar carafke da ita kullum. Tunanin rabuwa da ita ya hana ni sakat. Dama tun ina ƙarama uwar damuwa ake kirana, don ko kaza ta yi tari sai na hango mata kabari.

Kakar Falmata ce ta same ni a wurin. Da ta ji abin da nake jira, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai nan ba sama ake kallo ba, yamma ake kallo. Ruwan kogin a can ƙasar Najeriya ake yinsa, ya yi makonni yana tafiya kafin ya iso.

Na kai wa Inna labari. Ta ajiye muciya, ta kama hannuna ta yi addu'a da sunan Yesu, sannan ta ce, "Kin ji ko? Ubanmu na sama ya riga ya zubo shi a inda ba ki gani. Tashi ki ci tuwonki." Na ci, har na nemi ƙari.

Bayan kwana tara ruwan ya iso da hantsi, rana na haskawa, yana turo kumfa da karare a gabansa. Ni da Falmata muka riƙa gudu yana bin dugaduganmu. Shekara goma sha ɗaya muka yi a Diffa.

Yanzu Inna ta rasu, rashin zaman lafiya ya kori mutane daga gonaki da yawa na bakin kogin, Falmata ma ban san inda take ba. Ina kewarsu ƙwarai. Damuwa ba ta bar ni ba har yau, amma idan ta taso nakan yi addu'a, in tashi in ci tuwona. Wataƙila tuni an yi ruwan a wani gari.