Yaya Rabi da Gwangwanayen Fara

Wata safiyar Juma'a, kakar shekarar da na cika bakwai, Inna ta kama ni bayan rumbu ina tsugune gaban gwangwanayen tumatir, kowane an ɗaure bakinsa da tsumma. Rariyarta ta tankaɗe, wadda ta gaji da cigiya har gidan maƙwabta, ga ta kife bisa wani tsohon kasko, fara na ta tsalle a ƙarƙashi. Ban ma buɗe baki ba na ji ranƙwashi a tsakar ka. Mai kayan, yayata Rabi, tana can lakwal, makarantar boko, hankalinta kwance. Ni ce mai gadi, ni ce kuma mai shan duka.

Abin ya faɗo mini a rai ne makon jiya, da ɗan farina ya kwanta jikinsa kamar garwashi, ya ƙi nono. Ɗan fari ne, ba a gane damuwarsa a fuskar uwa, balle gaban surukai. Sai na shige ɗaki na riƙe waya ina kallon lambar Yaya Rabi, ina son mutum ɗaya a duniya ya ce mini yaron zai tashi. Kuma na san halinta tun muna yara.

Da kaka, Inna kan tashe mu da sassafe mu tafi gona kamun fara, tun raɓa ba ta bushe ba, lokacin da fara ba ta iya tashi. Mu bi karan hatsi muna tsinta muna zubawa a buhu, ƙarangiya na cin ƙafafunmu. A dawo gida a dafa, a shanya bisa tabarma, a soya da gishiri da yaji. Duk yaran unguwa abin da suka sani ke nan game da fara. Ban da Yaya Rabi. Ita sai ta ware manya masu ƙarfi ta ɓoye a haɓar zane. Ta samo ƙayar aduwa, wasu ta soke su da mai tsabta, wasu ta tsoma ƙayar cikin kwatamin wanka kafin ta soke. Kowace da gwangwaninta. Ni kuma aikina in kai musu ganyen wake, in kori kaji, in ba ta labari in ta dawo: wace ta ci, wace ta kwanta, wace ta mutu. Tsararrakina na can suna gaɗa da ƴar carafke, ni ina zaune ina jinyar fara.

Inda ƙaya ta shiga, kafin azahar sai wurin ya yi baƙi ƙirin kamar an ɗiga tawada, raunin ya toshe. Wannan ɗigon ya hana Yaya Rabi zama lafiya. Ta ɗaga farar saitin rana tana juyawa, ta ce, "Habsu, duba. Ba likita, ba boka, ba rubutu. To wa ya yi mata magani?" In ce ban sani ba, kuma ba na son sani, tuwo nake so. Ranar da zakaran Gwaggo ya ture gwangwanayen ya cinye rabi, Yaya Rabi ta yi kuka kamar an yi mutuwa, ta yini ba ta yi mini magana ba. Gwaggo ta ce wannan ɗiya a kai ta wurin malam tun da wuri.

Sai da na girma na gane inda abin ya samo asali. Kafin in yi wayo, ƙyanda ta shigo gidanmu ta kwantar da ita da ƙanenta Isa, wanda nake bi. Tabarma ɗaya, kunu ɗaya, jiƙo ɗaya. Ita ta tashi, shi bai tashi ba. In Inna ta ce kwanansa ne ya ƙare, sai Yaya Rabi ta ce, "Na yarda, Inna. Amma ta wace hanya?" Inna ta buge mata baki ya fi a ƙirga, tambayar ba ta fita ba. Akuya ta yi miki, sai ta je ta duba. Na yanke da lauje, maimakon sannu, ta riƙe yatsana tana kallon yadda yake kumbura yana ja. Ko ƙurji ya fito wa jaririn maƙwabta, ita ce a gaba da idanu.

Tana cin jarrabawa, aikin gida na zubowa kaina. Daka, ɗiban ruwa a famfon unguwa, kai akuyoyi wurin makiyayi, duk ni. A aji uku na ajiye allo, ba wanda ya kore ni, boko ne bai shiga ba, turmi kuma yana jira. Ita ta wuce lise, babbar sakandare, a Maraɗi, daga nan Yamai, daga nan Dakar, har Faransa. Da ta zo hutu bayan ta gama karatun ƙarshe, mata suka cika tsakar gidanmu, mai ciwon baya, mai hawan jini, kowa da kokensa. Ta ba su haƙuri ta ce ita ba ta duba marar lafiya. Gwaggo ta ce to mi take yi can? Ta ce ƙuda take kiwo. Wallahi ƙuda, ƙananan nan masu taruwa kan ruɓaɓɓen mangwaro. Tana soka musu cuta da allura mai siririn baki, ta leƙa cikin ƙwayoyin halittarsu ta ga wane ne ke fara jin baƙo ya shigo, wane ne ke tayar da sauran. Ta ce akwai masu gadi da ake haihuwar kowane mai rai da su, tun bai sha magani ba, tun ba a yi masa rigakafi ba, kuma na ƙuda da na mutum sun yi kama ƙwarai. Gwaggo ta kama haɓa ta ce, "Duk jirgin nan da aka hau?" Ni dai har yau in an tambaye ni aikinta, cewa nake tana labo, ɗakin gwaje-gwaje, in sauya magana.

To ita ce na kira makon jiya. Na yi ƙasa da murya don kada uwar mijina ta ji, na ce, "Yaya, ke kika san jiki. Ki ce mini zai tashi." Sai ta fara: yaushe zafin ya soma, yana fitsari, idonsa na bin haske? Na ce ni ba tambaya na kira ki ba! Sai ta ce, "Habsu, ban sani ba. In na ce na sani, ƙarya na yi miki. Zafin nan jikinsa ne ke faɗa, amma ƙaramin yaro ba a barinsa ya yi faɗa shi kaɗai. Goya shi ki tahi likita yanzu, kada ki jira kowa, kada ki kashe wayar." Na so in jefa wayar bango. Shekara da shekaru tana bin abu ɗaya har ƙasar wasu, ranar da nake buƙata ta ce ba ta sani ba. Amma na goya shi, na wuce uwar mijina tana tambayar ina za ni da rana tsaka, na ce likita, ko kunyar ban tsaya ji ba. Tun daga ƙofar gida har layin awo muryarta na cikin kunnena, wai in taɓa tafin ƙafarsa, wai in ɗiga masa nono ko kaɗan ne. Aka ɗibi jini a yatsa, aka ce palu ne, zazzaɓin cizon sauro, aka ce da na ƙara jinkiri da abin ya yi nisa. Shekaranjiya ya kama nono da kansa.

Da muna yara, addu'ata Allah ya kai Yaya Rabi wani gari in huta da tambayoyinta. Ga shi an kai ta inda ko biki ba ta samun zuwa, gidanmu ya yi tsit, ba mai bin miki da kallo. Yanzu kowace safiya sai ta kira: sau nawa ya sha, ya yi gumi, kashinsa wane launi? Har yau ba ta ce mini ya warke ba, wai sai ya gama maganin. Haushinta nake ji kamar da, amma wayar ba ta barin haɓar zanena.