Akwatin da Na Shafa wa Koren Fenti a Madina

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Wannan takarda na fara ta ya fi sau goma ina yagawa. Wani lokaci in kai rabi sai tsoro ya kama ni kada wani ya gane ni, wani lokaci kuma kunya ce take riƙe mini hannu, don abin da zan faɗa ba na yabo ba ne. Karatun bokona bai wuce firamare ba, a yi mini afuwa idan ban tsara magana yadda ta kamata ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa.

Na zo Madina daga wani ƙauye a ƙasar Kano ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Iƙamata, wato takardar zama, tana hannun wani Balarabe mai filin tsofaffin ƙarafa a bayan gari, kan hanyar Yanbu. Tun ina ƙarami ni mutum ne mai waswasi. Nakan sake alwala sau uku, in kulle ƙofa in kai bakin titi in dawo in sake taɓa kwaɗon. Ko ƙusa na tsinta a filin ba na sa ta a aljihu sai na tambaya. Aikina shi ne kankara da fenti. Duk abin da za a iya sake sayarwa, ganga ko ƙofa ko akwati, ni ake kawo wa in kankare tsatsa da tsohon rubutu in shafa sabon launi.

A unguwar Harra ta Gabas nake kwana, ɗaki ɗaya da wani Badamagare mai yankan ƙarfe da wuta, wanda ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Shi ya karɓe ni ranar da na sauka, shi ya koya mini Larabcin sayen burodi da wake, ya nuna mini lungunan da ake bi a ƙafa har Harami. Ina ce masa Yaya, shi kuwa ba ya kirana sai bawansa Bakano. In ya ga ina sake alwala sai ya tsaya a kaina ya ce in rage wa mutanen Madina ruwa, ba rijiyar kakana ba ce. In na koma duba ƙofa ya ce ɓarawon da ya shiga ɗakinmu sai dai ya tausaya ya bar mana sadaka. Amma da zazzaɓi ya kwantar da ni mako biyu, shi ya riƙa dama mini kunu kafin ya fita aiki, yana faɗa yana cewa kada in kuskura in mutu in bar shi da wankin kwanoni. Ban taɓa samun wanda hankalina yake kwanciya a kusa da shi kamar mutumin nan ba.

Bayan yaƙin Kuwait, da sojojin ƙasashen waje suka fara tafiya, sai tireloli suka yi ta shigo mana da abin da suka bari a sansanoninsu. Wani ɗan kwangila ne ya saye kayan a dunƙule ya rarraba wa irin filinmu. A cikinsu akwai wasu akwatuna biyar, ba su da girma sosai, amma sai mutum biyu sun haɗu suke ɗaga ɗaya. A kan kowane murfi akwai tambari ruwan ɗorawa mai kunnuwa uku baƙaƙe, da jan rubutun Turanci. Na iya haɗa haruffan amma ban san ma'anarsu ba. A ciki akwai wurin zuba kaya, sai dai a gefe guda an ɗaure wani abu kamar ƙaramar tukunyar dalma, a kulle, ba mabuɗi. Na je wurin shugaban ma'aikata, wani mutumin Chadi, na nuna masa. Ya ce kayan sun zo da takarda mai hatimin soja cewa babu haɗari a cikinsu, ni da shi wa ya fi soja sanin kayan soja, in je in yi aikina. Na koma na tura su gefe.

A shekarar ne idon Yaya na hagu ya fara ba shi wahala saboda hasken wutar yanka, ya ce ya isa haka, zai koma gida gaba ɗaya. Al'adarmu a Harra, in mutum zai tafi tafiyar da ba dawowa, abokin ɗakinsa ne yake nemo masa akwatin da zai zuba tsaraba. Na so in ba shi wanda ba zai taɓa lalacewa ba, sai na tuna da akwatunan nan. Ranar Juma'a na shiga mota har unguwar Khalidiyya, na zauna a ƙofar gidan mai filin har bayan la'asar, don kawai in nemi izini. Da ya fito na faɗa masa, ya yi dariya ya ce in ɗauka, halas. Na sake tambaya ko ya yafe mini shi duniya da lahira, har sau uku, sai da ya ce in tafi kada in sa ya fasa. Duk damuwata a lokacin ita ce kada in ba Yaya abin da ba halal ba. Ni da nake tambayar hukuncin ƙusa, ban tambayi kowa mene ne a cikin tukunyar ba.

Da hannuna na kankare tambarin har ƙarfe ya fito fari. Na shafa koren fenti sau biyu, na zana bishiyar dabino da farin fenti a kan murfin. Da Yaya ya gwada ɗagawa sai ya riƙe ƙugu ya ce shi dai Bakano ko kyauta zai yi maka sai wadda za ta karya maka baya. Ya ƙwanƙwasa tukunyar ya ce nan ne sojoji suka ɓoye zinariyarsu, in ya isa gida maƙerin garinsu zai fasa masa, kuma ko ƙwaya ɗaya ba zai aiko wa bawansa ba. Muka yi ta dariya. Ya zuba dabino da carbi da sallaya da atamfofin matarsa, ya bi jirgin ruwa daga Jidda zuwa Sudan, daga can sai mota. A tasha ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce in rage tunani, in yi aure, in daina wanke hannu har fata tana tsagewa. Ban sake ganinsa ba.

Shekara ta zagayo, wani alhaji ya kawo mini kaset daga wurinsa, don a lokacin ba waya a ƙauyensu. Ya ce akwati ya isa lafiya, mutum huɗu suka sauke shi, yana ɗakin mahaifiyarsa, yara suna hawa kansa su ci tuwo. Ya ce tukunyar tana nan bai fasa ba don maƙerin ya tafi cin rani, amma da ya dawo za a yi. Ana jin kukan awaki a bayansa, matarsa ma ta gaishe ni tana dariya. Na yi ta sauraron kaset ɗin har zaren ya saki, muryarsa ta koma kamar ta tsoho. Shi ne saƙo na farko, shi ne na ƙarshe.

Bayan kamar shekara shida, lokacin na yi aure ina da 'ya'ya biyu, matata kuma tana da ciki, sai wata safiya mutumin Chadi ya tara mu. Ya ce wani lodi daga filinmu ya sa na'ura kuka a tashar jirgin ruwa, hukuma na zuwa, kuma mai filin ya ce duk wanda aka tambaya ya ce babu abin da ya taɓa fita. Kafin azahar suka iso da fararen kaya da wata na'ura mai ƙas-ƙas. Suka tono akwatuna huɗu a ƙarƙashin tarin ƙarfe, suka zagaye wurin da igiya. A cikin mutanen hukumar akwai wani sa'ana, haihuwar nan amma jikan Hausawa, yana jin Hausa sai dai rabin maganarsa Larabci ce. Ya zauna kusa da ni a kan taya ya kira ni ɗan'uwa. Ya ce abin da ke cikin tukunyar dangin abin da ake haɗa makamin nukiliya ne, sojoji suna gwada na'urorinsu da shi. Muddin yana kulle cutarsa kaɗan ce, amma in aka fasa yana ƙona mutum ba wuta, ya ɓata jini, ba a ganinsa ba a jin warinsa. Ya ce takarda ta nuna biyar ne, su kuma huɗu suka gani, kuma an ce ni ne mai fenti. Ya ce kakansa a ƙafa ya zo daga Kano, ba zai cuce ni ba, in dai na san wani abu in faɗa don a ceci mutane.

A zuciyata na ga yaran Yaya a kan akwati suna cin tuwo, wallahi na gan su. Na kuma ga iƙamata, da matata mai ciki a bayan motar masu korar baƙi. Na ce masa ban sani ba. Ya dube ni ya ce to, Allah ya sa haka ne, ya tashi.

Abin da ya biyo baya a bakin direbobi na ji shi. Wai sojojin sun ce su da takarda suka miƙa kaya, hafsan da ya buga hatimin kuwa ya daɗe da komawa ƙasarsu, kuma ana jin ko buɗe akwatunan bai yi ba. Ɗan kwangila ya ce yadda ya karɓa haka ya sayar. Mai filin ya ce shi ba ya jin Turanci, yana da shugaban ma'aikata. Mutumin Chadi shi aka kora daga ƙasar cikin 'yan kwanaki, rigunansa ma suna kan igiyar shanya. Akwati na biyar aka rubuta cewa an narkar da shi. Ni kuma na koma kan fentina, ba wanda ya sake tambayata.

Tun daga nan duk lokacin aikin Hajji nake bin masaukan alhazan Nijar ina tambaya. Na aika kaset uku. A biyun farko tsoro bai bar ni na faɗi komai ba sai dai kada ya fasa tukunyar, a na uku ne na faɗi gaskiya duka, kuma ban san ko ɗaya ya isa ba. Sau ɗaya na sami hutu na je har Tanut, yankinsu Yaya, na yi kwana tara ina yawo. Ashe shekarun da muka yi ɗaki ɗaya, sunan rijiyarsu kawai na riƙe, kuma rijiyoyi masu irin sunan sun fi ɗaya. Wani dattijo ya ce mini ƙauyuka da yawa a wajen sun watse a shekarar yunwa, wasu sun yi kudu wasu sun yi Agadas. Na taɓa zuwa har ƙofar ofishin mutanen na'urar, aka ce jikan Hausawan nan da nake nema an mayar da shi wani gari, sai na juya.

Bara ina shan shayi na ji a rediyo cewa a wata babbar ƙasa sojoji sun ɗora makaman nukiliya a jirgin sama sun ƙetare ƙasar da su ba su sani ba, don kowane mai dubawa ya ɗauka na gabansa ya duba. Na ajiye kofin. Haka aka yi a namu, tun daga hafsa har mai fenti. Amma can an ce an fito an faɗa, har an sauke wasu manya. A namu wanda ya fi kowa rauni aka ɗora wa, ni kuma da na san inda abin yake na yi shiru. Na gane tsoron Allah ba a yawan sake alwala kaɗai yake ba. An ba ni dama sau ɗaya in faɗi magana ɗaya, na kasa.

'Yan'uwa masu aikin tsofaffin ƙarafa, a nan ko a gida, in kun ga tambari mai kunnuwa uku kada ku kankare, kada ku fasa, kada takarda mai hatimi ta hana ku tambaya. In kuma an tambaye ku, ku faɗi gaskiya tun abin yana kusa.

Ga roƙona. Mutumin dogo ne baƙi, idonsa na hagu ba ya gani sosai, yana da tabon ƙuna a hannun dama, yanzu zai haura sittin. Ya yi kusan shekara ashirin a Madina, garinsu yana arewa da Tanut. Duk wanda ya san shi, ko ya ga koren akwatin ƙarfe mai nauyi da farar bishiyar dabino a murfi, a gida ko a kasuwa ko a maƙera, don Allah a fitar da shi daga ɗaki, a nisanta yara, a gaya wa hukumar lafiya, sannan a rubuto wa wannan mujalla. In Yaya yana raye, a ce masa bawansa Bakano yana neman gafara, kuma yana so ya sake jin muryarsa ko da zagi ne. In kuma ya rasu, a gaya mini a wace shekara, da irin ciwon da ya yi, da ko yaran sun girma. Kada a tausaya mini a ɓoye.